Zanen gini a "gajimare": injin niƙa ya zo, amma kada mu sayar da turmi



Da an gama girbi an sa hatsi a rumbu, sai aikin gini ya tashi. Nan ana kwaɓa ƙasa, can ana buga bulo, ga mota tana sauke kwano daga Matamaye. Yawancin kuɗin wannan aiki daga waje yake zuwa, ta Nita ko Amana ko Al Izza, ko ta hannun direban da aka yarda da shi. Kuma duk mun san yadda labarin kan ƙare a wasu gidaje. Mutum ya yi shekara uku yana aiko kuɗi, ya ce a yi masa ɗaki biyu da falo da zaure. Ran da ya dawo sai ya tarar ƙofa ta kalli inda bai so ba, ɗaki ɗaya ko gado ba ya ɗauka, siminti ya ƙare gini bai kai linta ba. Shi ya ce an ci amanarsa, ƙanensa ya ce ai haka ya faɗa a waya, magini ya ce shi abin da aka shata masa da sanda a ƙasa ya bi. Zumunci ya ɓaci a kan abin da takarda guda za ta raba.

Shi ya sa yanzu wasu ke neman matashin da ya karanta aikin gini a Damagaram ko Maraɗi ko Zariya ya zana masu gidan a kwamfuta tun kafin a haƙa tushe. To, a sana'ar masu zanen nan akwai wani sauyi da ke tafe. Kamfanonin da ke yin manhajojin zane suna janye aikin daga kwamfutar mutum, suna mai da shi cikin nasu injunan ta hanyar intanet. Magana ce mai kama da ta birni, amma za ta taɓa kuɗin zane, da wanda ke riƙe da shi, da ko za a same shi ranar da ake bukata.

Mene ne "gajimaren" nan?

Tun 1982 wani kamfanin Amurka mai suna Autodesk ya fitar da AutoCAD, manhajar da ta maye gurbin allon zane da fensir a ofisoshin injiniyoyi. Bayanta akwai irin su ArchiCAD da Revit da SketchUp, waɗanda ke tsayar da gida a fuskar kwamfuta har mutum ya zagaya shi, ya leƙa ɗaki, ya ga inda rana za ta faɗo. A da sayen manhajar ake yi, a ɗora ta a kwamfuta, a yi aiki ko da babu intanet. Sai dai tana son inji mai ƙarfi, mai tsada.

Abin da Turawa ke kira gajimare kuwa ba a sama yake ba. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci, a ƙasar wasu, da wuta da sanyi dare da rana. Ana amfani da su hawa uku. Na farko, ka yi zanenka a naka inji, ka ajiye shi can. Na biyu, mutum biyu ko goma su riƙa aiki a kan zane ɗaya, kowa daga garinsa. Na uku, manhajar ma tana can, injinsu ne ke yin lissafin, kai hoto kawai ake aiko maka, kana taɓawa yana amsawa.

Mu ɗauki misalin injin niƙa. Ba kowane gida ke sayen nasa ba. Uwargida ta ba yaro gero ya kai, a niƙa, a biya kuɗin tiya, ya dawo da gari. An huta da daka. Amma ran da babu gazuwal, ko bel ya tsinke, ko mai injin ya tafi biki, gidan da ke da turmi ne kaɗai zai sha fura.

Amfanin da ba za mu musa ba

Na farko shi ne inji. Kwamfutar da ke ɗaukar manyan manhajojin zane ta fi ƙarfin yawancin ɗalibanmu. Ko an saya, ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar da ke tsalle ba sa barin ta ta daɗe. In aikin mai nauyi yana can nesa, tsohuwar kwamfuta ƴar kasuwar Kano ma ta isa. Tun 2017 akwai SketchUp na kyauta da ake buɗewa kai tsaye a intanet, AutoCAD ma yana da irin nasa na intanet, kuma Autodesk na ba ɗalibai izinin shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin suna makaranta. Ga yaron da ke karatu a jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wannan ƙofa ce da yayyensa ba su samu ba.

Na biyu, ajiya. In an sace kwamfuta ko ta ƙone, aikin shekaru ya tafi da ita. Wanda ya ajiye a can kuwa sai ya ari wata, ya sa kalmar sirri, ya ci gaba.

Na uku shi ne ya fi shafar mu. Mai gida yana Libiya, mai zane yana Damagaram, magini yana Dawce, amma su ukun suna kallon abu ɗaya. Mai gida ya ce a matsa da ƙofar nan, a gyara, kowa ya gani a salularsa. Zane mai awo kuma yana ba da lissafi: bulo nawa, buhun siminti nawa, kwano nawa, ƙarfe nawa. Wanda ke aiko kuɗi ya san abin da yake biya, wanda ke karɓa ya tsira daga zargi. Jama'ar gundumar Kance sun fi kowa sanin tsadar kuɗin waje. Ba mu manta da Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa ƴan yankin nan. Kuɗin da aka samo ta irin wannan hanya bai kamata ya narke a ginin da aka yi da ka ba.

Haya ce, kuma da kuɗin waje

To, ga ɗaya gefen. A 2016 Autodesk ya daina sayar da manhajarsa saye na har abada, ya koma haya, wata-wata ko shekara-shekara. Kamar abonema na Canal+ ne: wata ya ƙare, ba ka biya ba, hoto ya ɗauke. Ko wadda aka ɗora a kwamfuta ma tana son a haɗa ta da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don ta tabbatar an biya.

Cikakken AutoCAD yana kai kimanin dala 2,000 a shekara. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. In aka juya, ya haura miliyan ɗaya na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024 jikka 42 ne a wata, wato jikka 504 a shekara. Ke nan hayar shekara ɗaya ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da shekara biyu. Kuma da katin banki mai aiki a ƙasashen waje ake biya, abin da masu zane ƙalilan ke da shi.

Mu faɗi gaskiya, da yawa cikin masu zane a garuruwanmu da kwafin sata suke aiki, wanda aka ɗora masu a shago. Ba mu yaba ba, don haƙƙin wasu ne, kuma irin wannan kwafi kan zo da cutar kwamfuta. Amma shi ya riƙe farashin zane a ƙasa. Manhajar da ke zaune a injin kamfani kuwa ba ta satuwa. Duk ranar da aikin ya koma can gaba ɗaya, ko dai mai zane ya biya ya ɗora wa mai gida, ko ya bar sana'ar ga manyan ofisoshin Yamai da Kano. Ga kuma kuɗin mega, don hoton da ake aiko maka ba tsayawa yana shan intanet kamar kallon bidiyo, awa bayan awa.

Rezo da wuta

Injunan nan suna nesa da mu. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a birnin Kef a 2020, Google a Johanasbag a 2024, yawancin sauran suna Turai da Amurka da Asiya. Daga Damagaram zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, amma saƙo ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Nijar ba ta da teku, don haka sai ya gangara ta maƙwabta irin su Benin da Najeriya, ya shiga igiyar ƙarƙashin ruwa, ya je ya dawo. Ga saƙon WhatsApp jinkirin ba komai ba ne. Ga mai jan layi a zane kuwa, hannu ya motsa layi bai motsa ba sai daga baya, aiki ya zama wahala. Balle a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo.

Kuma mun ga abin da ke faruwa in hanyar ta yanke. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, har bankunan Najeriya suka kasa aiki yadda ya kamata, gyara kuma ya ɗauki makonni. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na salula a Nijar kimanin kwana 10. A Satumba ta wannan shekarar an kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. A farkon Agusta 2023, bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Layin Katsina zuwa Gazawa, mai ciyar da Maraɗi da Damagaram, ya yi shiru, wutar ba ta dawo ba sai Maris 2024. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, mai kwamfuta da faifan sola zai iya ci gaba da zanensa. Wanda komai nasa ke can nesa kuwa sai ya naɗe hannu, magini da leburori suna jira, ranar aiki tana tafiya.

Ba mu ce babu ci gaba ba. Starlink ya fara aiki a Nijar a Maris 2025, bayan ya shiga Najeriya tun Janairu 2023, kuma shi daga tauraron ɗan Adam yake ɗauko intanet, bai jira igiya ta iso ƙauye ba. Aikin shimfiɗa igiyar fibar da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya ƙunshi sama da kilomita 1,000 a Nijar, har da reshen Damagaram zuwa Magarya zuwa iyakar Najeriya, da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Sai dai kwanon Starlink da hayarsa ba na talaka ɗaya ba ne, sai an haɗa hannu, kuma shi ma kamfanin waje ne. Igiyar da ta bi babbar hanya kuma ba ta shiga kowane gari da kanta.

Makulli a hannun wa?

Akwai abin da ya fi rezo nauyi. A Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Autodesk ya dakatar da harkokinsa a Rasha. A Oktoba 2019 kamfanin Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai daga baya ya samu izini ya janye. Masu sana'a a can ba su aikata komai ba, rigimar manya ce ta biyo ta kansu. Mu da muka ɗanɗani takunkumi, muka ga an rufe Ɗan Barto da Kwangwalam, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ga gidan mutum ɗaya asarar kaɗan ce. Amma ku duba gine-ginen jama'a: azuzuwan makaranta, gidan likita, tankin ruwa, rumfunan kasuwa, magudanar ruwa. In ɗan kwangila ya gama aiki ya tafi, zanen yana cikin asusunsa a injin wani kamfani, shekara goma baya bango ya tsage ko ana son ƙara aji, wa zai faɗi zurfin tushen da kaurin ƙarfen da aka sa? Magajin gari ya sauya, ɗan kwangila ya sauya lamba, haya ta ƙare. Gari ya biya kuɗin zane, amma ba shi da zane. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Zane ba ya riƙe bango

Kada kyan hoto ya ruɗe mu. Damanar 2024 ta hallaka kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A farkon Satumba ta wannan shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Abin da ke kayar da gida a nan sananne ne: gini a hanyar ruwa, tushe marar zurfi, gindin bango da ruwa ke ci, indararo da ya toshe, yaɓen da aka yi shekaru ba a sabunta ba, bulon da aka tsawaita wa yashi don buhu ɗaya ya ba da da yawa. Babu manhajar da ta san inda ruwa ke kwanciya a bayan garinku. Tsofaffin unguwa da maginin gari su suka sani. Kuma manhajojin nan an gina su ne da tunanin kankare da ƙarfe da gilashi. Jar ƙasa da azara da makuba sai mai zane ya san su da kansa ya shigar.

Muna da abin koyi a gida. Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi, shi ya gina masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa da ƙasa, tun daga 1962, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou kuwa ilimin kwamfuta ta fara karantawa, ta yi aikin rubuta manhaja, sannan ta koma zanen gine-gine. A Dandaji, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin, aka gama a 2018. Wadda ta san kwamfuta ciki da waje ba ta raina ƙasa da magini ba.

Abin da muke ba da shawara

Ga ƴan'uwa na waje: ku sa a yi zane, yana da amfani, kuma ku duba shi tare da magini kafin a sayi buhu ɗaya. Amma ranar biyan mai zane ku karɓi abu uku. Takarda bugaggiya, kwafi biyu, ɗaya ga magini, ɗaya cikin akwati tare da takardar fili. Zanen a PDF, wanda kowace salula ke buɗewa ba tare da intanet ba. Da ainihin aikin a kile ko katin memori, a tsarin da wasu manhajoji ke karantawa, irin su DXF ko IFC, don in kuna son ƙarin ɗaki gobe wani mai zanen ya ɗora daga nan. Wanda ya ce zai aiko maku da mahaɗin intanet kawai, ku ce bai isa ba. In ginin bene ne ko mai dal, a nemi injiniyan da zai yi lissafin ƙarfe ya sa hannu, don iya zane daban, iya lissafin nauyi daban.

Ga matasanmu masu koyo: ku shiga gajimaren, ku ci moriyar na kyauta, don ofisoshin da za ku nemi aiki can suka dosa. Amma ku koyi aƙalla manhaja ɗaya da ke aiki babu intanet babu haya. Akwai FreeCAD, akwai LibreCAD, kyauta ne kuma halal. Ba su kai manyan daɗin aiki ba, amma sun isa zanen gida da shago da aji. Ku tuna izinin ɗalibi yana ƙarewa da karatu, kuma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Duk ranar da kuka yi aiki, ku sauke kwafi a hannu kafin ku kwanta.

Ga hukumomin kwaminonin gundumarmu, daga Dawce har Tsauni, Kurni, Yawuri, Dungu da Ishirnawa: a rubuta cikin kowace kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa zanen ginin yadda aka gina shi, a takarda da kuma a na'ura, a ajiye a ma'aikatar magajin gari, kwamitin makaranta ko na gidan likita ma ya riƙe nasa. Wannan ba ya bukatar tallafin kowa, layi biyu ne a takarda. In kuma cibiyar adana bayanai ta Yamai ta buɗe ƙofa ga ƙananan hukumomi, zanen gine-ginen jama'a ya cancanci wuri a ciki.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a kai niƙa inji duk ranar da yake aiki, a bar turmi a tsakar gida. Masu gini a bana, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa a shiga da alheri. Na waje kuma Allah ya dawo mana da ku lafiya. Maginai da masu zane da ke da abin cewa a kan wannan batu, ƙofar gidan rediyo a buɗe take.